An tsare Baba a madadin ƙanena: ya sa hannu ya fito, ko mu jira?

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Ina cikin tashin hankali. Ƙanena ya karɓi buhunan masara bashi a hannun wani ɗan kasuwa, na naira miliyan 2 da dubu 400, a kan zai biya in ya sayar. Farashi ya karye, ya biya dubu 900, sauran ya gagara, ya bar gari, wayarsa a kashe. Ranar Alhamis da la'asar mai kayan ya zo gidanmu da 'yan sanda, da ba su same shi ba sai suka tafi da mahaifinmu. Shekararsa 68, yana da ciwon suga, ko lokacin da aka yi cinikin bai sani ba. Yau Litinin, kwanansa huɗu a caji ofis. Sun ce ba zai fita ba sai mun kawo ƙanena, ko kuma Baba ya sa hannu a takarda cewa shi zai biya ragowar miliyan 1 da rabi, ya ajiye takardar gidanmu, mu kuma ba da dubu 150 kuɗin beli. Kawunnanmu sun ce ya sa hannu kawai ya fito, hukuma sai da rarrashi, ai takarda ce kawai, daga baya a san abin yi. Akwai kuma wani mutum da ke zama a bakin ofishin, ya ce in muka ba shi dubu 50 zai shiga ya ga DPO. Don Allah doka ta yarda da wannan? Ya sa hannun?

Wata mai karatu daga Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya fito da shi cikin mutuncinsa. Kada ya sa hannu. Kada ku kai takardar gida. Mutumin bakin ƙofa kuma kada ku ba shi ko sisi.

Tsarewar nan ta saɓa wa doka tun daga la'asar ɗin Alhamis, ba sai da ta kai kwana huɗu ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa dalilai shida ne kacal da hukuma za ta iya tsare mutum a kansu. Wanda 'yan sanda ke dogara da shi a irin wannan yanayi shi ne zargi mai tushe cewa mutumin ya aikata laifi, shi da kansa. Zama uban wanda ake nema ba ya cikin shidan, haka zama matarsa ko yayansa ko maƙwabcinsa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta fito da abin ƙarara a sashe na 36: ba a kama wani a madadin wanda ake zargi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗi haka a sashenta na 7, jihohi kuma sun yi tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Amma ba sai kin wahalar da kanki da neman wacce ta shafe ku ba. Rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, Dokar 'Yan Sanda tana kan kowane jami'inta ko a wace jiha yake. An bar jaki ana dukan taiki, kuma doka ta hana hakan da sunansa. Riƙe tsoho a bayan kanta don ɗansa ya fito garkuwa da mutum ne, ko da wanda ya yi yana sanye da kaki.

Na biyu, shi kansa ƙanen naki, ba lallai ne a ce 'yan sanda na da hurumin kama shi ba. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki ko wata rigima da ba ta laifi ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗa tun 2003, a shari'ar McLaren da Jennings, cewa karɓo bashi ba aikin ɗan sanda ba ne, Kotun Ƙoli kuma ta faɗa wa EFCC irin wannan magana a 2018 a shari'ar Diamond Bank da Opara. Inda bashi ke rikiɗa ya zama laifi shi ne in an yi yaudara tun farko, mutum ya karɓi kaya da ƙarya ba shi da niyyar biya, wannan zamba ce. Ko kuma an damƙa masa kayan ne amana ya sayar a madadin mai shi ya kawo kuɗin, sai ya cinye, wannan cin amana ne. Wanda ya sayi kaya bashi har ya biya dubu 900 daga ciki, da wuya a ce ya shigo da niyyar damfara. Ku nemo shaidar biyan nan, ko alat na banki ko rasit ko wanda aka biya a gabansa, ku adana ta. To ko ma a ce zamba ce tsagwaronta, laifin na ƙanenki ne. 'Yan sanda na iya gayyatar Baba su tambaye shi inda ɗansa yake, ya faɗi abin da ya sani, ya koma gida ya kwana. Iyakarta ke nan.

Na uku, lokaci. Ko wanda ake zargi da gaske, sashe na 35(4) da (5) ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Babu caji ofis a cikin birnin Kano da ya yi wa kotun majistare nisan kilomita 40. An kama shi Alhamis, Juma'a ranar aiki ce. Sashe na 35(3) kuma ya ce cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce, da harshen da yake ji. Ki tambayi Baba ko an ba shi wannan takarda. Na san amsar.

Yanzu ga inda zan tsaya, don shi ne abin da ke rusa gidaje: maganar kawunnanku cewa takarda ce kawai.

Ba takarda ce kawai ba. A yau da kike karanta wannan, mai masara ba ya bin Baba ko ƙwandala. Ba shi ya yi cinikin ba, bai tsaya wa ɗansa ba, babu kotun da za ta ɗora masa bashin ɗa baligi mai hankali da ya yi kasuwancinsa shi kaɗai, ko kotun majistare ce ko ta shari'ar Musulunci. Mai kayan ya san haka, shi ya sa bai je kotu ba ya tafi caji ofis. Abin da ya rasa shi ne hujja a kan wani mai gida, mai abin da za a iya sayarwa. Takardar da ake turo wa Baba ita ce wannan hujjar. Da zarar ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya tashi daga uban wanda ake bi ya koma wanda ya lamunci bashin. Abin da babu shi jiya ya samu yau, kuma da hannunsa.

Ki lura da yadda ake rubuta irin waɗannan takardu. Ba a kan takardar 'yan sanda mai tambari ake yi ba. Farar takarda ce, ko fallen littafi, da Turanci, a rubuta cewa ni wane na amince bisa raɗin kaina ba tare da tilas ba zan biya kaza a ranar kaza. Ba za ki ga an ambaci cewa a caji ofis aka rubuta ba, ba za ki ga sunan ɗan sanda ba. Shaidu kuwa kawunnanku za a ce su sa hannu. Wannan ba kuskure ba ne, da gangan ake yi. Ranar da aka kai takardar gaban alƙali, abin da zai gani shi ne dattijo ya ɗauki alkawari gaban 'yan'uwansa na jini, babu wata alama ta tsarewa a jikinta.

Za a ce miki ai abin da aka sa mutum dole ba ya ɗaure shi. Gaskiya ne, a dokar ƙasa yarjejeniyar da aka ƙulla da tilas ana iya warware ta, a shari'ar Musulunci ma iƙirarin wanda aka tilasta ba ya ci. Amma wa zai tabbatar da tilas ɗin? Baba. Nauyin ya dawo kansa. Shi zai nemi lauya, shi zai kawo shaidar cewa yana tsare lokacin da ya sa hannu, alhali wataƙila ko sunansa ba a shigar a littafin kanta ba, don sau da yawa wanda aka kama a madadin wani ba a rubuta shi. Waɗanda suka tsare shi za su ce gayyatarsa aka yi, ya zo da ƙafarsa aka yi sulhu. Shari'ar da za a iya kaucewa da kalma ɗaya, a'a, sai ta koma ta shekara da shekaru. A kotun shari'ar Musulunci kuwa iƙirari hujja ce mai ƙarfin gaske, mai kayan zai ajiye takardar a gaban alƙali ya ce ga shi ya amsa da bakinsa.

Sai kuma abin da ya fi wannan muni, wanda maganar "daga baya a san abin yi" ke jawowa. Baba ya fito, an yi barka, kowa ya gaji, ba wanda ya rubuta wa kowa cewa tilasta shi aka yi. Ƙarshen wata ya zo, mai kaya ya yi waya ya ce zai dawo da 'yan sanda, sai a haɗa dubu 200 a ba shi don a samu lafiya. Wannan biyan na farko da aka yi a waje, ba tsarewa, ba ƙorafi, shi ne lauyan mai kaya zai nuna wa kotu ya ce ga shi ya tabbatar da alkawarin da kansa bayan an sake shi. Hujjar tilas ta yi rauni ke nan. Haka ake yi mutum ya rasa gida a kan masarar da bai taɓa ganin buhunta ba.

Takardar gida kuma, in ta shiga hannunsu, ba ta sa gidan ya zama nasu ba, amma kun ba su wuƙa da nama. Karɓo ta sai an yi shari'a, ba ku iya sayarwa, ba ku iya jinginarwa, kuma an sha ganin an haɗa ta da wata takardar a ce jingina aka yi. Idan suka ce to ya rubuta cak na banki mai kwanan wata a gaba, wannan ma ya ƙi. Akwai dokar 1977 a kan cak ɗin da banki ya mayar don babu kuɗi a asusu, hukuncinta ɗaurin shekara 2 ne. Mutumin da ba shi da laifin komai, da cak ɗaya ya buɗe wa kansa ƙofar tuhumar laifi na gaske.

Akwai wani tarkon da ya fi waɗannan laushi, shi ma ki kiyaye shi. Za su iya cewa to an bar maganar kuɗi, wani ya zo ya tsaya wa Baba, ya sa hannu cewa zai kawo ƙanenki ranar kaza. Ba wanda zai iya alkawarin kawo mutumin da bai san inda yake ba. Ranar ta zo ba a kawo shi ba, sai a riƙe mai tsayawar, an sauya wanda ake garkuwa da shi ke nan. Abin da kuke nema shi ne a saki Baba ba tare da sharaɗi ba, don ba shi ake zargi ba. In dole ta sa aka karɓi beli don lafiyarsa, to takardar belin ta tsaya a kan cewa shi Baba zai dawo in an neme shi, kada a saka sunan ƙanenki ko adadin bashin a cikinta. A karanta ta layi-layi kafin kowa ya taɓa biro. Ke ma kina iya tsaya masa. Duk wanda ya ce mace ba ta karɓar beli ya nuna miki a wace doka, don sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda jinsi, dokar 2015 kuma ta faɗi haka ƙarara game da masu tsayawa.

Dubu 150 ɗin da suka ce kuɗin beli ba shi da wani suna sai cin hanci. Beli kyauta ne. Adadin da ake rubutawa a takardar beli alkawari ne, ba a biyansa sai wanda aka tsaya wa ya gudu, kuma kotu ce ke ba da umarnin karɓarsa, ba ɗan sandan kan kanta ba. In suka nace, ki ce a ba ki rasit na gwamnati mai sunan wanda ya karɓa. Ki kuma sani dokar hukumar yaƙi da cin hanci, ICPC, ta 2000 ta kama mai bayarwa kamar yadda ta kama mai karɓa. Dillalan beli da ke zaman bakin caji ofis, irin wanda ya nemi dubu 50, ba lauyoyi ba ne, ba ma'aikata ba ne, cin abincinsu shi ne tsoron mutane irinku. Aikinsu su tsawaita maganar har ku gaji ku biya, sannan su karɓi kasonsu ta ɓangare biyu. Lauya na gaske yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi mai sunansa da lambarsa, ki nemi gani.

Wannan karin magana na hukuma sai da rarrashi, ina girmama kawunnanku, amma ya cuci mutanenmu ba kaɗan ba. Ladabi wajibi ne, ba wanda ya ce a je a yi ihu a kan kanta ko a zagi jami'i, yin haka ma yana iya zama laifi na daban. Amma ladabi daban, sallama haƙƙi daban. Sashe na 1 na kundin tsarin mulki ya ce kundin yana kan kowa da kowace hukuma, duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi. In dokar da majalisa ta yi ba ta iya tsallake shi, ina ga umarnin baki na DPO? Ɗan sanda ba shi da wani iko na gado. Ikonsa aro ne daga doka, inda doka ta tsaya nan ya tsaya, abin da ya yi bayan nan aikin kansa ne, kuma ana iya ƙararsa da sunansa a kai. Mu kanmu muna da hannu a lalacewar abin. Wanda ake bi bashi yau ya yi kuka, gobe shi ne zai ɗauko 'yan sanda ya kamo uwar yaron shagonsa. Bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma addinin da muke bi ya riga kundin 1999 faɗin cewa wani ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Duk iyalin da ya biya ya yi shiru, ya ƙara wa iyali na gaba kuɗin da za a nema a wurinsu.

Abin yi daga yau. Fara da lafiyarsa. A kai masa magungunansa da katin asibitinsa da abinci a kan lokaci, a nuna wa DPO katin, a nemi a kai shi asibiti in sugansa ya hau ko ya faɗi. In an hana, ki rubuta sunan wanda ya hana da lokaci. Sashe na 34 na kundin da sashe na 37 na Dokar 'Yan Sanda sun wajabta a kula da wanda ke tsare cikin mutunci. A gaya wa Baba kada ya sa hannu a komai, har da bayanin da aka rubuta masa, sai lauya na wurin. Sashe na 35(2) ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa.

Ki samu littafi ki rubuta komai tun daga ranar Alhamis: ƙarfe nawa suka zo, su nawa, sunayen da ke ƙirjinsu, motar wa suka shigo, wa ya ga tafiyar da shi, wa ya faɗi maganar dubu 150 kuma a gaban wa. Motar tana da muhimmanci, don in ta mai masarar ce, ta nuna shi ya jagoranci kamun, ba rahoto kawai ya kai ba. Duk saƙon waya da aka turo ana neman kuɗi, a adana.

Da safe lauya ya je ya ga DPO da wasiƙa, ba da baki ba. Wasiƙar ta ambaci sashe na 35 na kundin da sassa na 32(2) da 36 na Dokar 'Yan Sanda, ta nemi a sake shi nan take. A yi kwafi zuwa ga kwamandan yanki da Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, kowanne a kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya tambarin an karɓa da kwanan wata a dawo da shi. Wasiƙar da ba ta da wannan tambari, gobe za a ce ba a gan ta ba. A kuma sanar da sashen karɓar ƙorafe-ƙorafe na rundunar, CRU, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke jihar. In babu kuɗin lauya, a je Hukumar Tallafin Shari'a ta Najeriya, ko reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa a nemi kwamitinsu na kare haƙƙin ɗan'adam. Sau da yawa irin wannan tsarewa a nan take ƙarewa, don ba jami'in da ke son sunansa a takardar da ke teburin Kwamishina a kan abin da ba zai iya karewa ba.

In ba su sake shi a ranar ba, akwai ƙofa biyu. Ta kusa ita ce sashe na 64 na Dokar 'Yan Sanda: wanda aka tsare fiye da awa 24 a kan abin da ba na hukuncin kisa ba, ana iya sanar da kotun da ke da hurumi, ta sa a kawo shi gabanta ta binciki dalilin tsarewar. Sashe na 70 kuma ya ɗora wa babban majistare ziyartar caji ofis-ofis na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, yana da ikon duba littafin kamu ya ba da beli a wurin. Mutane ƙalilan ne suka san da wannan.

Babbar ƙofar ita ce sashe na 46 na kundin: ƙarar neman haƙƙi a Babbar Kotu, bisa ƙa'idojin 2009 da suka tsara yadda ake irin wannan ƙara. Ba a neman izinin kotu kafin a shigar. Tunda Baba na tsare, ke kina iya yin takardar rantsuwar a madadinsa, ki faɗi abin da kika gani da abin da ya gaya miki. Ƙa'idojin sun ce a sa ranar sauraro cikin kwana 7 da shigarwa, waɗanda ake ƙara suna da kwana 5 su mayar da martani. Saboda shekarunsa da ciwonsa, lauya ya haɗa da buƙatar gaggawa wadda alƙali ke iya ji ba tare da jiran ɗaya ɓangaren ba, ya ba da umarnin a kawo shi ko a sake shi. A liƙa takardar asibiti. Waɗanda za a yi ƙara su haɗa da Kwamishina, DPO, ɗan sandan da ke riƙe da fayil ɗin, da shi mai masarar.

Ki shirya wa abu ɗaya da kan biyo baya. Da zarar sun ga lauya, wasu kan yi sauri su rubuta FIR, wato takardar zargi ta farko da 'yan sanda ke miƙa wa kotu, su kai mutum kotun majistare da tuhumar haɗin baki da zamba da cin amana, don a ce ai an gurfanar da shi. Kada wannan ya firgita ku. Tuhume-tuhumen nan ana ba da beli a kansu, kuma gurfanarwar yau ba ta wanke tsarewar kwana huɗu da ta gabata. Haɗarin shi ne a kai shi da rana tsaka ba ku sani ba, babu mai tsaya masa, a tura shi gidan gyaran hali. Saboda haka wani ɗan'uwa ya zauna a bakin ofishin tun safe, masu tsayawa biyu su kasance a shirye da katin shaidar ɗan ƙasa da hotuna da shaidar adireshi, lauya kuma wayarsa a kunne.

Bayan ya fito, ƙarar ba ta mutu ba. Sashe na 35(6) ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kuma ƙa'idojin 2009 ba su sa wa irin wannan ƙara wa'adi ba. Sai dai in gaya miki gaskiya, samun hukunci a kan 'yan sanda ya fi karɓar kuɗin sauƙi, don ana yawan cin karo da sharaɗin neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Shi ya sa sunan mai masarar ke da amfani a cikin ƙarar. Wanda ya kai rahoto da zuciya ɗaya ya bar 'yan sanda su yi aikinsu ba shi da laifi, amma wanda ya ɗauko su ya nuna musu tsohon da ya san ba shi ya ci kayansa ba, yana iya biyan diyya daga aljihunsa.

In kuma kafin wannan amsa ta iso gare ki Baba ya riga ya sa hannu, kada a ɓata kwana. A ranar da ya fito lauya ya rubuta wa mai kayan da DPO cewa takardar an karɓe ta ne yana tsare, ya janye ta, a nemi a mayar da takardar gida, kuma kada a biya ko naira ɗaya a kanta kafin kotu ta yi magana.

Shi mai masara yana da haƙƙinsa, miliyan 1 da rabi ba wasa ba ne, kuma yana da inda zai nema: kotun ƙananan da'awar bashi da Kano ta buɗe a 2019, ko kotun shari'ar Musulunci, ko zaman sulhu gaban shugabannin kasuwa. Ku aika wa ƙanenku ta duk hanyar da za ta kai gare shi cewa ya dawo ya fuskanci bashinsa tare da lauya, don gudun nan shi ke sa cinikin da ya faɗi ya yi kama da damfara. In bayan Baba ya koma gida ya huta ya ga yana so ya taimaki ɗansa da wani abu, wannan zaɓinsa ne. A yi zaman a gida ko a ofishin lauya, a rubuta da Hausar da yake ji, a bayyana cewa bashin na ɗan ne, abin da uba ya bayar taimako ne ba lamuni ba, kuma takardar gida ta zauna a inda take.